Zani a Bakin Geti

Kwana goma sha ɗaya na yi ina zuwa aiki ɗaure da zani. Ni namiji, gemuna ya fara fari, ina gadin ƙofar wani injin casar shinkafa a Kwanar Dangora. Duk wanda ya bi titin nan a kwanakin ya gan ni. Har yau akwai direbobin da da wannan suke kwatance na.

Dalilin yana jikina, daga cibiya zuwa gwiwa.

Mu mutanen bakin dam ne. Ruwan Tiga ya ci garinmu ina goye, aka kwashe iyayenmu aka sauke su a tudu. Da su da noman rani na tashi. Wata rana ina ba tumatir ruwa, mai ya ƙare a injin ban-ruwa. Ban jira ya huce ba. Na ɗaga jarka na fara tsiyaya fetur, sai wuta. Wandon da ke jikina na gwanjo ne, mai roba-roba. Bai ƙone ba, narkewa ya yi ya manne da nama. Wata bakwai na yi a kwance.

Fata ta fito, amma ba irin ta mutane ba. Tana sheƙi kamar leda. Ba ta gumi. In abu mai kauri ya goge ta, sai ta tsage. Tun daga nan na bar wando. Akoko mai laushi nake ɗaurawa a ƙugu, in ɗora jallabiya har idon sawu. Ba mai gani, ba mai tambaya. Mutane sun san na taɓa ƙonewa, sun ɗauka na warke. Uwar yarana kaɗai ta san yadda wurin yake.

Laka da sanyin ruwa suka gagare ni. Na yi shekaru ina lallaɓawa, yau a samu gobe a rasa. Mijin 'yata ta fari ne ya sama mini gadin. Shi ne shugaban masu gadi a injin. Ita 'yar fari ce, ba na kiran sunanta. Shi ma ba na kiran nasa. Ba ma cin abinci kwano ɗaya, ba ma haɗa ido. In ya zo gidana a zaure yake tsayawa, ya cire takalmi, ya tsuguna ya gaishe ni yana kallon ƙasa, ni ina kallon bango. Haka muka taras ana yi.

A injin akwai doka: shugaba ba ya ɗaukar ɗan'uwansa aiki. Wanda aka kama, su biyun za su tafi. Don haka kawunsa ya aiko ya gaya mini, a wurin aiki ba mu san juna ba. Na ce to. Na kwaso iyalina muka kama ɗaki biyu a wani ƙauye kan hanyar Kiru, tafiyar rabin awa a ƙafa. Shekara huɗu muka yi a haka. Kowa a injin Baba yake ce mini, saboda haka in shi ya faɗa ba wanda ke jin bambanci. Ni kuma Oga nake cewa, kamar kowa.

Da wannan gadin nake ci da mutum bakwai. Ba ni da wata gona a wajen.

Sai aka kawo sabon manaja daga Kano. Matashi ne, ɗan boko, ba shi da mugunta amma ba ya son a maimaita masa magana. Satinsa na biyu ya ce masu gadi sun yi kama da masu zaman majalisa, kowa da irin rigarsa. Aka kawo yunifom: riga mai gajeren hannu da ake cusawa a wando, wandon kaki guda biyu, bel, hula, takalmin but, da usur. Surukina ne ya raba. Da aka zo kaina ya miƙo da hannu biyu. Na karɓa. Na murza yadin wandon da yatsa. Mai kauri ne, kuma da roba a ciki. Irin wancan.

Na sa. Kwana uku na sa.

Aikin geti tsayuwa ce daga safe zuwa magariba. Ka tura ƙofar ƙarfe, tirela ta shiga da shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ka rufe, ka leƙa takarda ka miƙa wa mai karatu, ka sake buɗewa. Buntun shinkafa yana yawo a iska, yana shiga ko'ina. Ranar farko ƙaiƙayi ne. Rana ta biyu na ji fatar ta fara buɗewa a matsematsi. Rana ta uku da la'asar na ji ɗumi yana gangarawa cikin but ɗina. Ban duba ba. Na san mene ne.

A gida wandon ya ƙi fita. Sai da uwar yara ta dafa ruwa, ta riƙa jiƙawa tana ɓamɓarewa a hankali. Ban yi ƙara ba. Ita ce ta yi kuka.

Ta ce, "Malam, bari in aika wa yarinyar nan ta gaya wa mijinta."

Na ce, "Ta gaya masa me?"

"Gaskiya mana. Cewa ba ka iya sa wando."

"Sai ya tambaye ta don me. Sai ta buɗe baki ta kwatanta wa mijinta tsiraicin ubanta?"

Ta matse tsumma. Can ta ce, "To kunya za mu ci a gidan nan?"

Na ce, "Ban ce na bar aiki ba."

Ranar hutuna ta faɗo ranar kasuwar Tudun Wada. Na ƙunshe wandunan biyu a leda na shiga mota. A can ba wanda ya san ni. Na sami wani tela dattijo a layin masu keken ɗinki, na ce ya farke su duka, ya haɗa ya mayar da su zani ɗaya mai mazagi, ya sa akoko ta ciki.

Ya ɗaga wando ɗaya ya juya shi. Ya ga inda jini ya ƙi fita da wanki. Ya dube ni.

"Na matarka ne za a yi?"

"Nawa ne."

"Malam, wando ake kawo mini in rage ko in ƙara. Ban taɓa kashe wando ba."

"Yau ka fara."

Bai ƙara tambaya ba. Ya yi aiki mai kyau. Har aljihu ɗaya ya bar mini a gefe, da madaurin bel. Da na gwada ya sauka har tsakiyar ƙwauri, bakin but ya rufe sauran. A zuciyata na ce: yadin kamfani ne, launin kamfani ne, riga da hula da bel duk suna nan. Abin da ya ragu tsagar tsakiya ce kawai.

Da safe na fita. Rabin awar nan ta fi mini wata bakwai na kwanciya tsawo. Mata masu zuwa rijiya suka tsaya da bokitai a ka. Wani mai shayi ya bar tukunya tana tafasa ya fito bakin titi. Ban kalli kowa ba.

A geti abokin gadina ya riga ni zuwa. Mutumin Doguwa ne, tsohon maharbi, sa'ana. Ya dube ni daga hula zuwa but. Ya tofar da goro.

"Lafiya?"

"Lafiya."

"Wanki aka yi bai bushe ba?"

"Haka zan riƙa zuwa."

Ya ce, "Allah ya kyauta," ya matsa mini a benci.

Direbobi ba su da wannan kawaicin. Akwai wani Bazazzagi mai tirela da muka saba tsokanar juna, irin ta Kanawa da Zage-zagi. Yana shawo kwana ya hango ni, ya danna hon har uku, ya leƙo da kai.

"Hajiya! Buɗe mana ƙofa, Hajiya! Wallahi na daɗe ina faɗa, mazan Kano sun ƙare!"

'Yan dako suka kwashe da dariya.

Na ce, "Shige, bawa. A Makka ma zani maza ke ɗaurawa. Da ka taɓa zuwa da ka sani."

"To ina kallabin? Ko a gida aka manta?"

Na buɗe masa. Wannan wasa ne, na san shi. Wanda ba wasa ba shi ne na wani ɗan dako da ya zo wucewa da buhu a ka, ya karya murya ya tafa hannu irin na 'yan daudu. Na zabura da sandata ta gadi a hannu. Maharbin ya dafa gwiwata, ya ce, "Zauna." Na zauna.

Wajen hantsi surukina ya fito zagaye. Ya hango ni daga wajen sikeli. Ya tsaya cak. Sai ya juya kamar ya manta wani abu a ofis, bai sake fitowa ba har azahar.

Bayan sallah ya kira maharbin. Maharbin ya dawo ya ce, "Oga ya ce a tambaye ka, ko wandon ya yi maka kaɗan ne, a canzo babba."

"Ka ce masa ya yi daidai."

Washegari ya sake aikowa: ko akwai wanda ya ɓata mini rai ne? Na ce babu. Rana ta huɗu: ko za a ba ni hutu in huta? Na ce ban gaji ba. Daga nan ya daina aike. Ya daina bi ta geti ma. Ta ƙaramar ƙofar baya yake shiga, inda ake zubar da buntu. Na san abin da nake ja masa. Ina gani sauran masu gadi suna kallon sa, suna jiran su ga me zai yi. Amma fatata ta fara rufewa. Ina tsayuwa, ina tura ƙofa, ba jini.

Manaja ya yi tafiya a lokacin. Kullum in na ji ƙarar mota ƙarama sai in leƙa in ga ko shi ne. Rana ta tara ya dawo.

Na buɗe masa geti na sara, kamar yadda aka koya mana. Motar ta shiga, ta tsaya, ta dawo da baya. Gilashi ya sauka. Ya daɗe yana kallon ƙafafuna.

"Ka same ni a ofis. Kai da shugabanku."

Ofishin da sanyi. Manaja yana zaune. Surukina yana tsaye ta dama, hannu a baya, idonsa a kan kalandar bango. Ni ina bakin ƙofa. Tun da aka ɗaura aurensa da 'yata ban taɓa tsayawa kusa da shi haka ba.

Manaja ya ce, "Baba, mene ne wannan?"

"Yunifom ne, ranka ya daɗe."

"Ina wandon da aka ba ka?"

"Shi ne wannan."

Ya taso ya zagayo tebur. Ya ga ɗinkin, ya ga aljihun. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"Ka yanka kayan kamfani ka yi zani. Manyan baƙi suna shigowa ta ƙofar nan. Abin da za su fara gani ke nan?" Ya juya ga surukina. "Kwana nawa yana haka?"

"Tara, Yallaɓai."

"Tara. Kai kana ina?"

Na riga shi amsawa. 

Na ce, "Ya yi mini magana. Ni na ƙi ji."

"To don me? Addini ne? Al'ada ce? Faɗa mini, ni ma Bahaushe ne."

 Maganar tana nan a bakina, gajeriya ce. Da mu biyu ne da na faɗa, da ma na kwance na nuna masa. Shi baƙo ne a gare ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in da hali, mu biyu."

Surukina ya juya da sauri ya nufi ƙofa. Hannunsa ya kai kan mariƙi.

Manaja ya ce, "Ina za ka? Dawo. Kai ne shugabansa. Ba a yi mini ɓoye-ɓoye a wurin aiki. Baba, abin da za ka faɗa mini, faɗa a gabansa."

Da ya san wane ne a tsaye a wurin, da da kansa zai ce ya fita. Kowane Bahaushe ya san wannan. Kalma ɗaya ce: surukina ne. In na faɗe ta, na tafi, mijin 'yata ma ya tafi, gida biyu. Na haɗiye ta.

 

Manaja ya koma kujera. Ya ce, "Shi ke nan. Jibi ka zo da wando, ko ka ajiye hula. Ku je."

Na koma geti.  Da yamma manaja zai fita, na buɗe ƙofa rabi na tsaya a gaban motar. Direbansa ya yi hon. Ban matsa ba. Na zagaya gefen da manajan yake na durƙusa, na rage murya.

"Ranka ya daɗe, lalura ce. Wuta ta taɓa cin jikina. Wando yana tsaga ni."

Fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Subhanallahi. To me ya hana ka faɗa ɗazu?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ba komai. Kawo takardar likita. In gaskiya ne sai a san yadda za a yi, ko a mayar da kai ciki inda baƙi ba sa gani. Amma takarda ko a titi ana samunta. Ka kai wa shugabanku, ya karanta, ya duba da idonsa, ya sa hannu, ya kawo mini. Haka tsarin yake."

Gilashi ya hau. Na ƙarasa buɗe ƙofar.

Uwar yara ta ce in je asibitin dai, wataƙila kafin jibi Allah ya kawo wata hanya. Na je, da safe kafin aiki. Likita ya sa labule, na kwance zani. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce wa ya sa ni sa kaki a kan wannan. Ya cika shafi guda ya buga hatimi. Na ce ya karanta mini da Hausa, ni ban yi makaranta ba. Ya karanta. Ba abin da ya bari. Cinya, mara, har wurin da ba a faɗa. Na ninke takardar huɗu na sa a aljihun da tela ya bar mini.

Rana ta goma sha ɗaya na zo da wuri. Na yi gadina har hantsi. Bazazzagin nan ya shigo, ya buɗe baki zai fara, ya ga fuskata, ya ce, "Sannu da aiki, Baba," ya wuce.

Na bar wa maharbin geti na nufi ofishin masu gadi. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya, kujera ɗaya. Surukina shi kaɗai ne. Yana gani na ya miƙe tsaye. Ya zame takalmansa, a ofishinsa, ya rusuna.

"An tashi lafiya, Baba?"

Wannan Baban ba irin na wurin aiki ba ne. Na ji shi.

"Lafiya lau. Ya mutanen gida?"

"Suna gaisuwa."

 Shi yana kallon ƙasa, ni ina kallon ƙusar da ake rataye makullai. Hannuna yana cikin aljihu, a kan takardar. Ta jiƙe da gumin tafina.

Ya ce, "Manaja ya ce za a kawo takarda." Ya ƙara da cewa, "In an ba ni, zan sa hannu a bayanta. Ba sai na buɗe ba. Ba sai an nuna komai ba."

Na so in miƙa. Wallahi na so. Na tuna mutum bakwai. Na fara zaro ta, gefenta ya fito.

Sai na hango yadda za a yi. Zai kai wa manaja. Manaja zai buɗe a gabansa ya karanta, ya ɗaga kai ya ce, ka gani da idonka? Yaya wurin yake? Ko ya yi ƙarya a kan aikinsa, ko ya tsaya ana karanta masa abin da ke ƙarƙashin zanina. Daga nan kuma ya zo zaurena ranar sallah ya tsuguna, ya sani, ni ma na san ya sani.

Na mayar da ita.

Na ce, "Ba takarda."

Na cire hula na ajiye a tebur. Na ciro usur daga wuya. Na jingine sanda a bango. Riga da but na ce zan aiko da su. Wando kuwa ba ya mayuwa.

Bai ɗago ba. Na ga ɗigo biyu sun faɗa kan siminti kusa da ƙafarsa.

"Baba, a yi mini aikin gafara."

"Ba abin da aka yi mini. A riƙe aiki da kyau. A gaishe da yaran."

Na fita ta geti. Maharbin ne ya buɗe mini, duk faɗinta, kamar tirela ce za ta wuce.

Mun koma bakin dam wajen ƙanena. Ba na shiga ruwa. A gindin wata ɗorawa nake zama ina gyara wa masunta raga, wata rana in taya mata masu bandar kifi tsaga itace. Abin da nake samu bai kai na gadi ba. Yara biyu na tura wajen 'yan'uwa. Amma a nan rabin maza da tsumma a ƙugu suke fitowa daga ruwa, ba mai kallon zanin wani.

Surukina yana nan a aikinsa. Da ƙaramar sallah ya zo, ya tsaya a zaure, ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Bayan ya tafi uwar yara ta shigo da ƙunshi, ta ce shi ya bari. Akoko ne, turmi guda, mai laushi. Ban tambaye ta wa ya gaya masa irin wanda nake ɗaurawa ba. Ita ma ba ta faɗa ba.

Takardar likitan tana cikin leda a ƙasan akwatina. Ba wanda ya karanta ta bayan wanda ya rubuta. Ni kuma ina nan bakin ruwan Tiga, da jallabiyata da zanina, ina ɗinkin raga.